Matar da Muka Zaunar a Bencin Baya

Shekara tara ke nan da muka binne yayata, Adda Saratu, a ƙauyenmu da ke bayan Gella. Ni ne autan gidanmu, ita ta goye ni, kuma ni ne na rubuta wasiƙar da ta kai ta gaban dattawan ikilisiya. Gara in faɗi wannan tun farko, domin masu yabonta sun yi yawa a bana, kuma yawancinmu ba mu da bakin yin yabon.

Adda ta yi aikin jinya a Mubi har ta yi ritaya. Mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yanta biyu suna aiki a nesa, sai ta tattara ta koma ƙauye. Babanmu ya bar mana gona a gindin dutse. A saman gonar akwai ɗan kurmi: manyan ɓaure guda uku, da kanya, da tsamiya, da ɗorawa, sai idon ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse. Ko da tsakiyar bazara, lokacin da mayo, wato rafinmu, ke komawa yashi zalla, wurin ba ya ƙafewa. A nan kakanninmu suke yanka kaza kafin shuka. Da babanmu ya karɓi bishara ya daina zuwa, ya hana mu ma, amma bai taɓa sare ko reshe ɗaya ba.

Can Adda ta mayar wurin addu'arta. Kullum da safe, kafin ta ɗauki fartanya, sai ta hau ta zauna a kan falalen kusan awa guda. Ba waƙa, ba ɗaga murya. Littafi Mai Tsarki na kan cinyarta, sau da yawa ma a rufe. Idan ta tashi sai ta tsince ledojin da masu ɗiban ruwa suka yar, ta gyara bakin idon da duwatsu, ta sauko. Ba a daɗe ba magana ta zaga gari cewa Mama Nas, kamar yadda ake kiranta, ta koma tsafin kakanninta.

Ni ne magatakardan ikilisiya a lokacin. Aka ce in rubuta mata sammaci, na rubuta. Ranar zaman ta zo da zanenta na zumuntar mata, ta durƙusa ta gaida kowa. Tsohon fastonmu, mutumin kirki ne amma mai tsoron surutun jama'a, ya tambaye ta me take yi a wurin.

Ta ce, "Baba Fasto, shekara da shekaru ina ɗora abin awo a ƙirjin mutane. In ina surutu ba na jin bugun zuciya. Na gaji da gaya wa Allah abin da zai yi. Yanzu zama nake in ji nasa."

Wani dattijo ya ce to don me sai a wurin da aka zubar da jinin tsafi?

"Baba, wa ya yi ɓauren? Kakana ne, ko Allah?"

Suka ce in dai da gaske take, ta sa a sare ɓauren nan uku, kowa ya gani ya huta. Ta ce ba za ta sare ba. Aka sa ta a horo na wata shida: ba cin jibin Ubangiji, ba waƙa da mata, zama a bencin baya. Da hannuna na shigar da hukuncin a littafi. Da muka fito ta tsaya kusa da ni, ta leƙa shafin, ta ce, "Iliya, rubutunka ya yi kyau." Ba ta sake ta da zancen ba har ta mutu. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Cikin wata shidan nan ba ta yi fashin Lahadi ko ɗaya ba. Ita ce ta farko a bencin, ita ce ta ƙarshen fita. Kuma ba ta yi fashin hawa dutse ba.

Sai shekarar da muka gudu muka bar gari saboda 'yan ta'adda ta zo. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya bukatar in ba shi labari. Da aka dawo, rumbuna fanko, awaki babu, kowa ya duƙufa kan gawayi domin shi ne abin da ake sayarwa yau a ci yau. Gangaren duwatsunmu suka fara yin sanƙo. Wata safiya wani ɗan baffanmu ya kawo masu injin yankan katako kurmin, yana cewa ai shi ma yana da gado a wurin. Suka tarar da Adda a zaune. Ba ta yi ihu ba. Ta tashi ta je ta jingina da babban ɓauren, ta ce su ta da injin.

Ana cikin haka Malam Buba ya iso da shanunsa. Makiyayi ne, Musulmi, tun zamanin mahaifinsa a nan garkensu ke shan ruwa da rani. Ya dogara sandarsa ya tsaya gefenta, ya ce, "Mama Nas ce ta karɓi haihuwar yarana uku. Wanda zai sare, sai ya fara da mu biyu." Masu injin suka ce su aiki aka kira su, ba rigima ba. Suka saɓa kayansu suka sauka.

Ni ina Mubi a ranar. Da na ji, na kira ta a waya na ce, "Adda, ki bar musu ɗaya mana a zauna lafiya, mutane yunwa suke ji." Ta ce ta san da yunwar, a gidanta ake kwana da ita. Daga baya na ji abin da ta yi: ta ɗibi rabin masarar da ta samu ta kai gidan ɗan baffan nan, ta ce wa mata duk busasshen reshen da ya faɗi nasu ne, ta kuma fara rainon 'ya'yan itatuwa a ledojin ruwa tana rabawa gida-gida. Wasu sun dasa, wasu sun bar wa awaki. Da damina ta zagayo ciwo ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Yau in ka taso daga Mubi ka wuce Gella, ka ɗaga kai, za ka ga abin da muka yi wa duwatsunmu. Ruwan sama na farko yana saukowa da jar ƙasa ya tsaga gonaki. Muna feshin maganin ciyawa har bakin rafi, sannan mu yi mamakin ina kwaɗi suka tafi, ina tafasa da rama da muke tsinka kyauta. Ranar Lahadi kuma mu sha ado mu rera waƙar Mahalicci. A duk wannan gangare, ɗigon kore ɗaya ya rage, wanda muka hukunta mace a kansa.

Watan jiya sabon fastonmu ya zo gidana da mutum uku na kwamiti. Matashi ne mai himma, ba ya nan lokacin da aka yi abin da aka yi, kuma ban ɗora masa laifin ba. Suka ce ikilisiya ta gane Mama Saratu mai addu'a ce ta gaske, ana so a girmama ta. Za a mayar da kurmin dutsen addu'a da sunanta. Za a share itatuwan a samu fili, a zuba siminti, a kafa rumfar kwano, a kawo janareta da lasifika domin a ji har ƙauyukan ƙetare. Sa hannuna kawai ake jira, tunda takardar gonar tana wurina.

Na ce, "Fasto, da can mun ce ta sare domin wurin na Shaiɗan ne. Yanzu mun ce a sare domin wurin na Allah ne. Ni dai na lura ko ta yaya aka juya, ɓauren ne zai faɗi."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam Iliya, kana hana aikin Ubangiji ne?"

Na ce an taɓa yi mini wannan tambayar, na ji tsoro na ɗauki biro. Ba zan ƙara ba.

Na yi ta tunanin me Adda za ta ce da tana raye. Ina jin za ta ba su ruwan idon su sha, ta bar su su gama bayaninsu, ta ce a'a, ta tambayi lafiyar iyalinsu. Ni ban kai ta haƙuri ba, shi ya sa na kawo zancen nan cikin jarida. Ba na gaba da addu'a mai ƙarfi. Ni ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, muryata ta fi ta kowa kauri. Amma muna da majami'u a kowace unguwa inda za a yi ta da ƙarfi. Wurin da Kirista zai rufe baki ya zauna gaban Mahaliccinsa, tsuntsu na kuka, ruwa na ɗiga, nawa ya rage mana? Ubangijin da muke bi ma yakan janye daga taro ya hau dutse shi kaɗai, kuma ban ji inda ya fara da share wurin ba. 'Ya'yan Adda sun goyi bayana. Wanda yake so ya hau ya yi addu'a, hanya a buɗe take, ba shinge, ba kuɗin shiga. Gatari da lasifika ne kawai za su tsaya a ƙasa.

Me ya rage na Adda Saratu? Ba ta bar gida na a zo a gani ba, ba ta kafa ƙungiya ba, ba ta koya wa kowa komai da baki ba. Amma ranar Asabar da ta wuce na hau kurmin domin in duba iyaka, sai na tarar da wata mace a zaune. Maman Tabita ce, wadda aka kashe mijinta a shekarar gudu, wadda wa'azinmu duka bai taɓa sa ta ɗaga kai ba. Ashe ta fi shekara biyu tana zuwa, ba wanda ya aike ta. Kusa da ita ga wata 'yar tsamiya da ta dasa, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Na gaishe ta, na fara ba ta labarin kwamiti da amsar da na ba su, ina ɗan jin kaina. Ta saurara kaɗan, sannan ta nuna mini wani dutse can gefe.

"Baba Iliya, sannu da ƙoƙari. Amma je ka zauna can tukuna, ban gama ba."

Na je na zauna.