Ƙoƙo, Ba Koko Ba

Na yi shekaru ina buga takardu a wani ofishin gona a Dutse, kuma yawancin abubuwan da suka faru a can sun bi ruwa, amma maganar ƙoƙo da koko ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Shekarar da aka fara shari'a a jiharmu ce, saura kaɗan ruwa ya sauka. Aka ba ni wata takarda in buga da Hausa, mai koya wa manoma yadda ake gauraya iri da maganin ƙwari kafin shuka. Kwamfutarmu ba ta san haruffa masu ƙugiya ba, don haka na yi yadda kowa yake yi, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Na tafi gida da kwafin gwaji guda, sai na tarar kawuna ya zo daga Miga. Da furfurarsa ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, kuma duk takardar da ya gani sai ya karanta ta da ƙarfi, yana bi da yatsa.

Ina zuba masa ruwa na ji yana cewa, "A zuba garin maganin a koko, a motsa sosai." Ya ɗago ya dube ni. "'Yar nan, ashe maganin sha ne? Da safe ko da yamma?"

Ba wasa yake yi ba. Garin nan kuwa guba ne, kuma irin su Kawu za a raba wa takardar, mutanen da suka yarda cewa abin da ke rubuce ba ya ƙarya. Na ce masa ƙoƙo ake nufi, na duma. Ya ce, "To me ya hana ku rubuta ƙoƙo?"

Washegari na kai wa ogana magana. Ya ce, "Ki sa kwano mana, a wuce wurin." Na nuna masa ƙara da ta zama kara, haƙa da ta zama haka, baƙi da ya zama baki. Na ce yau Allah ya nuna mana guda, ta gobe fa? Ya ga dai na kafe, ya ce, "Ranar Litinin motar kai takardu Taura da Aujara za ta tashi. In ba ki samo dabara ba, haka za a buga."

Akwai wani malamin dabbobi a ofishinmu, Bafulatani, abokin tsokanata. Shi ya ce yana da wata manhajar rubutu da ya samo wajen kwas, wadda mutum yake koya mata abin da yake so. Masu amfani da ita a faɗin duniya suna rubuta mata ƙananan ƙunshe-ƙunshe, kowane da aikinsa, su ajiye a intanet kyauta. Ya sa mini ita, da wani ƙunshi na haruffanmu da ya kwaso a faifan filofi daga shagon intanet a Kano. Na danna b da waƙafin sama, sai ga ɓ. Na gwada d, sai ga ɗ. Na kusa yin guɗa. Na danna k, shiru.

Ya kwashe da dariya. "Ai ɗan'uwana ne ya rubuta, don Fillanci ya yi. Mu ba mu da wannan harafin naku mai shaƙe wuya." Na ce dama Bafulatani ko kyauta zai yi sai ya rage wani abu.

Dariyar ba ta kai mini ciki ba, harafin da nake nema shi ne babu. Ya nuna mini yadda ake buɗe ƙunshin, ya tafi rigakafin shanu ya bar ni. Ban taɓa ganin rubutu irin wannan ba, alamar baka cikin baka kamar an watsa farce. Amma ni mai buga takardu ce, idona ya saba da kama abin da ke maimaita kansa. Na lura kowane harafi layi guda ne: abin da za a danna, sai wata lamba. Na kwafi layin ɗ, na sa k a madadin d. Saura lambar.

Ba wanda zan tambaya, sai na bi lambobin da ke kusa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ba ni harafi mai wutsiya, wata akwatin banza. Ranar Alhamis na goge baka guda ban sani ba, manhajar ta ƙi karɓar ƙunshin gaba ɗaya. Na ji haushi har da hawaye, na ce wallahi ba za ta fi ni taurin kai ba. Na ɗauki fensir na bi bakunan a kan gilashin kwamfutar, wannan ta buɗe, wannan ta rufe, har na kama wadda ba ta da 'yar'uwa. Ranar Juma'a, ana haramar tashi masallaci, na sa wata lamba na danna k, sai ga ta da ƙugiyarta. Na rubuta ƙoƙo ya fi sau ashirin. Da firinta ta fito da shi daidai, na zauna na yi hamdala.

Motar ta tashi ranar Litinin da takardunmu. Daga baya malamin dabbobi ya matsa mini muka aika wa mai ƙunshin layuka biyun da na ƙara, na ƙaramin harafi da babba. Kunya nake ji, me layi biyu zai yi? Sai ga amsa, ya gode, ya ce bai san Hausawa suna amfani da abinsa ba, kuma ya haɗa su a ciki don kowa.

Da na je Miga bayan shuka na miƙa wa Kawu sabuwar takardar. Ya bi da yatsa, ya karanta, "A zuba garin maganin a ƙoƙo." Bai tsaya ba, bai ɗago ba, ya wuce layi na gaba. Ban taɓa samun yabo da ya kai wannan ba.

Abin da na koya shi ne, kayan jama'a aikin gayya ne. Wanda ya riga ka ya nome kunyar da ya gani, in ka tarar da taka ba a taɓa ba, kada ka tsaya ƙorafi, ɗauki fartanya.