Hizam, Wanda Muka Yi Wa Dariya Ranar Auren Murshid

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, ina tsakar gida ina tsince tsakuwa a cikin dawa, jikana Murshid ya shigo bai yi sallama ba. Da na ga haka na ajiye faifan. Ya ce Kaka Hizam ya cika, bayan azahar, yana jingine da bangon ɗakinsa. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, ɗaya bayan ɗaya, har da masu dogon baki irina.

Hizam, ƙanin mijina, abokin faɗana tun ranar da aka hau da ni wannan dutse ina amarya. Kai ne ka fara cewa yayanka ya auro gajeriya don kada ta ga abin da aka ajiye a kan kantar ɗaki. Ni kuma ban bar ka ka huta ba tun daga ranar. Yau ga shi na zauna zan rubuta alherinka, kunya ta hana alƙalamin tafiya.

Duk wanda ya san duwatsunmu na Raima ya san hannunka a bindiga. Idan birai suka sauko wa dawa, gidanka ake aikawa. Gonar Hamama, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata, kai ka tsare ta damina bayan damina, ba ka taɓa karɓar ko zangarniya ɗaya ba. Lokacin da yaƙi ya cika kasuwanni da makamai, samari suka yi ta sauka suna komawa soja a nan da can, an zo har ƙofarka ana roƙo, ka ce bindigarka ta san biri, ta san farin dutsen da ake harbi ranar biki, ba za ka koya mata mutum da tsufa ba.

Da aka sa ranar auren Murshid da 'yar Alhaji Shayif na ƙauyen da ke fuskantar namu, hankalin yaron ya tashi. Ya san al'ada: kafin a ce wa masu ɗaukar amarya bismilla, sai an kafa farin dutse a ƙetaren kwari, ango ya harba a gaban surukansa. Wanda ya kuskure, abinci dai za a ba shi, amma jikokinsa ma sai sun ji labari. Murshid kuwa yaron kirki ne, ya iya gyaran injin ruwa, ya iya lissafi, amma idan ya auna tulu sai akuyar maƙwabta ta nemi mafaka.

Kai ka raka shi kasuwar Asabar neman madubin bindiga. Shi ya so wani ƙato mai tsawon muciya, wanda mai shago ya rantse yana nuna tururuwa a can kan dutsen Haraz mai nisa. Ka hana. Ka zaɓar masa gajere mai ɗan hannu a gefe: in an tura shi gaba, abu ya tsaya yadda ido yake ganinsa, in an dawo da shi baya, na nesa ya matso kamar an jawo shi da igiya. Ka ce masa aure yini ɗaya ne, birai kuwa kullum ne, kuma biri a cikin dawa ba ya jira ka gama leƙe. Kai kanka ba ka taɓa ɗora irin wannan abu a kan taka ba. Kullum cewa kake idon da Allah ya ba ka bai ƙare ba tukuna.

A soron gidana kuka ɗaura shi, don haka na ga komai, na kuma sa baki a komai. Murshid ya fara ɗaurawa da kansa kafin ka iso, ya manna shi dab da ido, harbin farko madubin ya dawo ya tsaga masa gira. Na ce to, ango ya yi wa kansa kwalli. Ka zo ka kwance, ka sa shi ya rufe ido ya rungumi bindigar yadda jikinsa yake so, sannan ya buɗe, kana matsar da madubin har ya ga da'irar ta cika ba duhu a gefe. Ka karɓi igiyar gugana ka ɗaura mata dutse ka sako ta daga kan soro, ka daidaita layin cikin madubin da ita don kada ya karkace. Da ka gama ɗaure notunan, ka aika a karɓo maka jan farce wurin jikata Nuriya. Na tambaye ka ko kai ma auren za ka yi. Ba ka kula ni ba, ka ɗiga jan a kan kowane noti har ya taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ka ce wa yaron duk ranar da ya ga ɗigon nan ya rabu biyu, kada ya yarda da abin da madubin ya gaya masa.

Saitin ya ci muku kwanaki. Buhun dawata kuka mayar matashi, tsohuwar ƙofar rumbuna kuka mayar abin bara, har yau tana nan kamar rariya. Ba ka yarda a taɓa maɓallin saiti bayan harbi ɗaya ba, sai an yi 'yan kaɗan an ga inda suka taru, sannan a murɗa. Kana tari a lokacin, kana dafe ƙirji in ka hau matakala, na ce hayaƙin taba ne, ka ce hayaƙin girkina ne.

Ranar ɗaurin aure ina cikin tsofaffin matan da aka tura ɗauko amarya. Hanyar kwarin kowa ya san ta, motar tana tsalle kamar ɗan maraƙi, abokan ango suna ta miƙa wa juna bindigar, wannan ya rataya mata furanni, wancan ya ɗauki hoto da ita. Muka isa, aka hau da mu soron gidan Alhaji Shayif, maza suka yi layi a ƙasa, ganguna suka yi shiru. Ga farin dutse can a ƙetare, ƙanƙane kamar ƙwan kaza.

Sai na ga ka matsa kusa da Murshid, ka karɓi bindigarsa kana juya ta, ka zaro wuƙar ɗamararka ka taɓa wani abu da bakinta. Sannan ka ɗaga murya ka ce a bar tsoho ya buɗe fili, kuma da ta yaron za ka harba. Nan take aka fara raɗa a soro, wai ashe idon Hizam ya tafi, tunda har ya nemi aron gilashi.

Ka harba, ƙura ta tashi can nesa da dutsen, wajen hagu. Ka sake, ta tashi kusa da ta farko. Samarin ƙauyen suka fara tafi. Ka sunkuya kana taɓe-taɓe a jikin madubin kamar mai neman ƙaya, ka sake harbawa, yanzu kuma ƙasa da dutsen. Haka ka yi ta yi, dariya tana ƙaruwa. Kuma muryar da ta fi ta kowa tashi a soron nan tawa ce. Na leƙo na ce, “Hizam, ba shuka aka aiko ka ba, farin dutsen ake nema.” Mata suka kwanta da dariya. Ka miƙe ka kaɗe zanenka, ka miƙa wa Murshid bindigar ka ce ka gaji. Yaron ya durƙusa, ya dawo da ɗan hannun nan baya, ya harba sau ɗaya, farin dutsen ya tashi gari. Na yi guɗa har muryata ta dushe.

Daga ranar na raɗa maka Manomin Harsashi. Sunan ya bi gari, har a bakin rijiya. Mutane suka daina aikowa gidanka in birai sun sauko. In na tsokane ka, sai ka yi murmushi ka ce, “Matar yaya, in ya tsiro zan aiko miki da kasonki.”

Jiya Alhaji Shayif ya hawo gaisuwa. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin mata muka gaisa, ni kuma da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce a yafe wa marigayi abin da ya faru ranar biki, tsufa ne ya ci idonsa. Ya gyara tsayuwa. Sannan ya ce, “Kakar Murshid, wane ido? Duk wanda ya taɓa riƙe bindiga a wurin nan ya ga abin da yake yi. Hanya ta kwance madubin, shi kuma ya mayar da saitin a gabanmu, harsashi bayan harsashi. Na ƙarshen da ya sa a gindin dutsen da gangan ya sa shi. Mu dattawa ba wanda ya yi dariya.”

Na juya na kalli Murshid, ya sunkuyar da kai. Ya ce jan farcen ya rabu biyu tun a mota, shi bai lura ba, kai ka gani. Ya ce ka sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba muddin kana numfashi, don kada surukansa su ce da hannun wani ya ci. Na tambaye shi me ya sa bai ko ja ni gefe ya ce in rage baki ba. Ya ce ya so yi, kai ka hana, ka ce in na daina tsokanarka kowa zai gane akwai magana.

Ka san halina fiye da yadda na san naka, Hizam. Sunan da ka tara tun kana saurayi ka ajiye shi a gaban baƙi don yaron da ba ma jikanka ba ne na cikinka, ni kuma na hau soro ina tallarsa. Ka ce in ya tsiro za ka aiko mini da kasona. Ya iso jiya, a bakin ƙofa, a gaban matan gari, kuma ban san inda zan sa fuskata ba. Na gaya wa matan rijiya duk wadda na sake jin wancan suna a bakinta ni da ita ne, ko da yake sun san wadda ta fara.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri a ranar tsayuwa yadda ka rufa wa jikana. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Atiƙa, wadda ta jure mu duka biyu, da 'ya'yanka Muƙbil da Ganiya, da Murshid wanda tun ranar Talata bai iya kallon bindigar nan ba. Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma ka yafe mini, ƙanin miji. Ka riga ni tafiya, ka bar ni da magana a baki.