Baron Doya a Ranar Zuba Dakin

Har gobe ban manta da ranar da muka zuba dakin na wata makaranta a unguwar Fadikpe ba. Shekarata ashirin da wani abu ina aikin foman a lokacin, kuma ina ganin babu wanda zai koya mini komai a kan kankare. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don kuskuren nawa ne, ba na wani lebura ba.

Ginin bene ne hawa ɗaya, ajujuwa uku a ƙasa, uku a sama. Dakin shi ne shimfiɗar kankaren da ke zama rufin na ƙasa, kuma daɓen na sama. A rana ɗaya ake son gama zuba shi. Ma'auninmu sananne ne: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Wanda ya wuce haka ya rage wa ginin ƙarfi.

A makon ne Alhaji, ɗan kwangilar da nake yi wa aiki, ya turo mana wata ɗaliba mai suna Rahila. Digiri na biyu take yi, wai tana bincike a kan abin da ke cinye kuɗi da lokaci a wurin gini. Kullum tana tsaye da littafi da agogo, tana rubuta ƙarfe nawa aka fara, buhu nawa aka fasa. Ni kuwa haushinta nake ji. Na ɗauka 'yar rahoton Alhaji ce, har na laƙaba mata Madam Agogo. Ita dai sai ta yi dariya ta ce, "Baba, ina kwana?"

Watan Yuli ne, damina ta kankama. Da safe aiki ya tafi daidai. Mata suna ɗebo yashi da tsakuwa a kwanon sarki suna juye wa Yakubu mai injin kwaɓa, maza suna hawa da kankaren sama. Amma kafin azahar rabi kawai muka ci, ga hadari ya fara haɗuwa. Alhaji ya kira ni ya fi sau uku.

"Malam Shehu, in ruwa ya taɓa mini siminti, kai ka sani."

Sai na yi dabara. Baron gini ɗaya yana cin kwanon sarki huɗu, wannan kowa ya sani. Namu biyu ne, ɗaya ma tayarsa ta fashe. Na aika unguwar Kpakungu aka kirawo mini masu tura baro mutum shida, suka zo da barorinsu. Na ce wa Yakubu, "Kowane buhu, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa." Ban tsaya na dubi barorin ba, na haye sama abina.

Wallahi aiki ya riƙa gudu. Cikin ƙasa da awa guda muka rufe kusurwar gabas gaba ɗaya. Ina ta washe baki, har na leƙo ƙasa na ce, "Madam Agogo, rubuta wannan ma!"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, don Allah ka sauko ka duba wani abu."

Na sauko ina tsaki. Ta nuna mini buhunan da aka fasa, ta jera su kashi biyu, na safe daban, na bayan azahar daban.

"Da safe, wuri kamar wannan da kuka rufe yanzu ya ci buhun da ya fi haka nesa. Aiki ya ƙaru, amma siminti bai ƙaru ba. Ni ban gane ba, shi ya sa na ce ka gani."

Ina shirin ce mata gini ba lissafin aji ba ne, sai ga wani mai baro ya wuce ta gabana. Na dubi baron da kyau. Baron ba irin namu ba ne. Mutanen nan dakon doya suke yi a kasuwa, kowannensu ya buga wa baronsa katako a gefe da gefe don ya ci kaya da yawa. Na tsayar da shi, na sa aka kwashe yashin da kwanon sarki ina ƙirgawa. Bakwai. Ni kuma ina can sama ina lissafi da huɗu.

Na daka wa Yakubu tsawa ya kashe inji. Ya ce, "Oga, ni dama na ga kwaɓin ya yi fari-fari, kuma injin yana nishi. To amma kai ka ce baro ɗaya." Gaskiyarsa, ni na faɗa.

Na ɗaga kai na dubi kusurwar. A ido ba ta da wani aibu. In na yi shiru, ta bushe, aka yi fulasta aka yi fenti, babu mai sani. Amma a ƙarƙashinta yara za su zauna, a kanta kuma wasu za su yi tsalle-tsalle. Kankaren bai kama ba tukuna, sai dai ba zai jira ni ba. Na kira Alhaji.

"Ranka ya daɗe, zan kwashe abin da muka zuba bayan azahar."

"Ka kwashe me? Ka san nawa buhu yake yanzu? Ƙara siminti a sauran, ai zai riƙe."

"Ba zai riƙe ba, Alhaji. Laifina ne. In ka ga dama ka sallame ni gobe, amma yau sai na kwashe."

Ya ja tsaki. Sannan ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya kashe wayar ba sallama.

Kowa ya ɗauki shebur, har birkiloli. Muka kankare wurin tas daga tsakanin rodi, muka wanke rodin da mesa. Abin da muka kwaso muka shimfiɗa a hanyar shiga makarantar, inda ƙafa kawai za ta taka. Na sa aka ɓalle katakon barorin, na auna kowanne da hannuna, sannan muka sake zuba kusurwar da sabon kwaɓi. Kafin nan Rahila ta roƙi a cika mata ƙananan akwatunan gwaji, wasu da kwaɓin da muka kwashe, wasu da sabon. Muna jan leda a kan dakin bayan la'asar, ruwa ya sauko.

Wata guda Alhaji yana amsa gaisuwata da ƙyar. Da kwana ashirin da takwas suka cika, aka kai dunƙulen kankaren ɗakin gwaji, inda inji ke matsa su har su fashe. Ni da shi da Rahila muna tsaye. Na sabon kwaɓin ya jure har ya wuce abin da ake nema. Na baron doya kuwa, tun inji bai yi nisa ba ya ruguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Na nemi benci na zauna, ba abin da nake iya faɗa sai alhamdulillahi. Alhaji ya daɗe yana kallon garin da ya zube, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Shehu, tashi mu je mu ci abinci."

A hanya Rahila ta tambaye ni ko ta sa wannan a bincikenta. Na ce, "'Yata, sa shi duka, har da cewa foman ne ya yi." Daga ranar na daina ce mata Madam Agogo.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ranar da aiki ya fara gudu fiye da yadda kuka saba, kada ku yi saurin murna, ku sauko ku duba dalili. Kowane baro ya shigo wurinku, ku auna shi. Kuma wanda ke tsaye a gefe yana ƙirga muku buhu, ku ba shi kujera.

Har yanzu in na biyo ta Fadikpe lokacin da ɗalibai suka tashi tara, nakan rage gudun mashin. Ina jin yaran suna ta dirar ƙafa a saman kusurwar gabas, sai in saurara kaɗan, in wuce.