Kwalin Littattafan Baba a Hanyar Kabo

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isyaku, mai koyar da tarihi a Kabo. Na so in rubuta abu mai daɗi a kansa, amma abin da ya same ni watan jiya ne ya tsaya mini a rai. Tun da direba ya rage gudu a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo, na ga samari sun tare hanya, idon ɗayansu a kan kwalin da ke cinyata, na san da ni suke.

'Yan kwamitin gyaran tarbiyya ne na ƙauyen, irin waɗanda suka yawaita bayan ƙaddamar da Shari'a. Kaset da littattafan soyayya suke nema. Ni kuwa littattafan Baba zan kai makarantar da ya koyar, sadaka gare shi: tarihin waɗanda suka karɓo mana 'yancin kai da shugabannin farko.

Baba ba ya yarda da littafi ɗaya a kan mutum ɗaya. Yakan nemi na masoyi da na abokin hamayya, in riƙa karanta masa bi da bi bayan idonsa ya yi rauni. Yakan sa in duba ko marubucin ya faɗi inda ya samo labarinsa. In kuwa shugaba tun daga haihuwa har kabari bai taɓa kuskure ba, sai ya ce in rufe, wannan roƙo ne, kalangu kawai babu. Lokacin tsuke bakin aljihu, da albashi ya daina zuwa, irin waɗannan ya kwashe ya ba mai ƙosan ƙofar gidanmu tana naɗi da su, ita kuma tana ba mu na karin kumallo. Inna takan tsokane shi da cewa yau da wane shugaba za mu karya. Saboda haka abin da ya rage a kwalin, masu faɗin alheri da aibi ne kaɗai.

Shugaban samarin, Sabi'u, ya buɗe ɗaya, sai ga hoton wani babba a wurin liyafa cikin matan Turawa, kai ba ɗankwali. Ya yage shafin, ya ce ina yawo da batsa, ina ɓata sunan magabata. Aka sauke ni, mota ta wuce. Ranar kasuwa ce. Na zauna a benci mutane na kallo, na ji wata tana tambayar 'yar gidan wa ce. Ba duka nake tsoro ba. Tsorona magana ta riga ni isa gida Gwarzo, a ce an kama 'yar Malam Isyaku da littattafan banza. Irin wannan ba ta wankuwa.

Kuma na san Sabi'u. A zaurenmu yake zama da yamma lokacin da yake ɗalibin Baba. Ya ga sunan Baba a bangon littafin, ya kifa shi. Da Baba na nan, ba na jin zai yi fushi. Kunya zai ji, irin wadda ta hana ni ɗaga kai, don abin da ya ba mai ƙosai shi muke so yanzu, abin da ya adana kuma shi ake yagewa.

Bayan la'asar aka kai ni gaban limamin ƙauyen, tsoho mai sanyin murya. Ya daɗe yana duban hoton. Ya tambaye ni ko littafin ya kawo ayyukan alherin mutumin. Na ce ya kawo, har makarantun da ya gina, ya kuma faɗi waɗanda ya ɗaure ba laifi. Ya tambayi ko marubucin ya ambaci waɗanda suka ba shi labari. Na nuna masa shafukan ƙarshe. Tambayoyin Baba ne sak, daga bakin wanda bai taɓa ganinsa ba, sai hawaye ya zubo mini.

Ya dubi Sabi'u ya ce, "Mu ma a karatunmu ba ma karɓar magana sai mun san wa ya kawo ta. Malamai sun rubuta raunin maruwaita hadisi, ba su ce ɓatanci ba ne."

Ba gida Baba ya bar mana ba, ba gona ba. Tambayoyin nan ne, su suka tsaya mini a ranar nan.

Liman ya miƙa wa Sabi'u yagaggen shafin, ya ce ya nemo ƙaro ya liƙa shi inda ya cire. Sannan ya juyo gare ni.

"Tashi ki tafi, 'yata, babu mai taɓa ki. Shi zai ɗaukar miki kwalin har bakin titi."