Ciwon Sanyi da Asirin Ranar Alhamis

Ina da shekara arba'in da shida lokacin da fitsari ya fara ƙona ni. A shekarar ina koyar da aji uku a wata firamare kusa da Madakiya, kullum in hau acaba daga Kafanchan da safe, in dawo da rana tsaka. In na tsuguna, ɗigo biyu ko uku ne ke fita, da zafi kamar an barbaɗa barkono, kafin in gama ɗaura zane kuma sai in ji wani ya taho. Na sha jiƙon kanwa kwana biyu, ba abin da ya canza.

Ranar Asabar a tasha na ji wani mai tallar magani da lasifika yana lissafa alamomin ciwon sanyi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ya leƙo bayan gidanmu. Ya ƙara da cewa ciwon ba ya shiga gida da ƙafarsa, maigida ne ke ɗauko shi a waje ya kawo wa matarsa. Ban sayi maganinsa ba, amma na tafi gida da maganarsa.

Maigidana ma'aikacin sashen gona ne a ƙaramar hukuma, dattijo ne a ikilisiya, shi ke jan babbar murya a ƙungiyar mawaƙa. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kawar da kai. Shekara ashirin da biyu da aurenmu ban taɓa zarginsa ba. Amma da na zauna na yi nazari, sai na tuna duk ranar Alhamis yana makarar dawowa, kuma yana shigowa da sandar rake a baki, ba ya yarda ya yi mini magana kusa kusa.

Ranar Litinin na je wani ƙaramin asibiti a can ƙarshen gari, inda nake zaton ba wanda ya san ni. Nas ɗin wata gajeruwar mata ce mai saurin magana. Ta ba ni kwalba, ta karɓi fitsarin, ta ce in dawo bayan kwana uku, kuma tunda hankalina bai kwanta ba, in zo da maigidan shi ma a duba shi.

Na gaya masa da yamma yana cin tuwon acca. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu, ya bar tuwon. Wannan ya ishe ni shaida. Kwana ukun nan na dafa masa abinci ba gishiri.

Ran da za mu koma, ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Muna tsallake layin dogo sai ya tsaya ƙarƙashin wani mangwaro, ya kashe babur, ya cire hula.

"Malama, gara ki ji daga bakina kafin likita ya gaya miki."

Na ce ina ji.

Ya ce duk Alhamis, in ya tashi daga ofis, yana biyawa ta kasuwar alade. A bayanta akwai wata rumfa inda wata tsohuwa ke sayar da naman kare da yaji, shi kuma yana ɗorawa da ƙwaryar burkutu ɗaya, wani lokaci biyu. Shekara huɗu ke nan. Raken na kashe wari ne. Ya ce ƙwaryar nan kowa da kowa ke sha da ita, har da direbobin manyan motoci da ke zuwa daga kudu, shi ya tabbata a nan ya ɗauko ciwon ya kawo mini.

Na tambaye shi shekarun tsohuwar. Ya ce ta kai tamanin, haƙori biyu suka rage mata.

Da ya ga ban faɗi ba, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce tunda yau ranar tuba ce, babban tangaran ɗin da mahaifiyata ta ba ni ranar aure, ba akuya ce ta fasa shi ba, shi ne. Nan ne fa raina ya ɓaci da gaske. Akuyar nan na ɗaure ta kwana biyu a rana, daga baya na bayar da ita ga ƙanwata don ba na son ganinta. Muka tsaya a gindin mangwaron muna faɗa a kan tangaran har na manta inda za mu, sai da marata ta tuna mini.

A asibiti aka ba shi tasa kwalbar. Ya shiga bayan gida, ya daɗe, ya fito da ita a bushe. Tsoro ya ɗauke masa fitsarin. Nas ta sa ya sha ruwan leda huɗu, ta ce ya zauna ya jira. Ruwan ya fara aiki ke nan, ya miƙe da kwalba a aljihu, sai ga Fastonmu ya fito daga ɗakin marasa lafiya, ya zo gaishe da wata. Ya tambayi lafiya, maigidana ya ce ɗan zazzaɓi ne. Fasto ya kama hannuwanmu biyu ya ce mu yi addu'a. Shi kuwa in ya fara addu'a sai ya bi ta kan shugabanni, da manoman citta, da ɗalibai masu jarrabawa. Na buɗe ido ɗaya na ga maigidana yana musanya ƙafa, yana ta cewa amin tun ba a kai wurin amin ba. Ana gamawa ya ruga, takalminsa ɗaya ya tsaya a baranda.

Sakamakona ya nuna ƙwayoyin cuta ne suka shiga mafitsara. Nas ta ce irin wannan yakan kama mace ko ba ta da miji. Akwai cututtukan da ake ɗauka ta wurin kwanciya, su daban ne, kuma ba a same su a jikina ba. Ta tambaye ni sau nawa nake fitsari a makaranta. Na ce ko sau ɗaya. Ƙofar bayan gidan malamai ta cire tun bara, rina kuma sun yi gida a rufin, shi ya sa ba na shan ruwa daga safe har sai na dawo gida. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama, ke kika kawo wa kanki, ba Baba ba."

Maigidana ya tambaye ta a hankali ko ana ɗaukar ciwon a ƙwarya. Ta ce a'a, amma ta so ta san wace irin ƙwarya. Nasa gwajin ya fito ba komai. Ni kuma aka ba ni ƙwayoyi na mako guda, da gargaɗin in shanye su duka ko na ji sauƙi, in riƙa shan ruwa, in daina riƙe fitsari. A kwana na uku zafin ya tafi.

Ranar Asabar ya ɗaure guduma da ƙusoshi a bayan babur, ya tafi makarantarmu. Ya kafa ƙofar, ya kunna ciyawa ya kai wa rina hayaƙi. Biyu suka same shi a fatar ido. Washegari ya tsaya a layin mawaƙa da ido ɗaya a kumbure kamar gwaiba, yana riƙe littafin waƙa a karkace. Bayan sujada uwar zumuntar matan ikilisiya ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna, ta ce mini kowane aure yana da nasa, amma mace mai bi ba ta ɗaga hannu a kan mijinta. Na ce mata na gode, Mama, zan kiyaye.