Zaren da ke cikin zuciyar yayana

Har in mutu ba zan manta ranar da na raka yayana asibiti a Zariya ba. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da gonar rakensa a Makarfi. Mutumin da ke saɓa damin rake shi kaɗai ya ɗora a mota, sai ga shi yana haki tsakanin gida da masallaci, ƙafafu a kumbure. Gari ya ɗauka jifa aka yi masa.

Da sakamakon gwajin jininsa ya dawo, likitar, wata mata mai sanyin murya, ta ɗauki ’yar roba a kan teburinta, ta ja, ta saki. Ta ce a cikin kowace ƙwayar tsoka akwai wani zare na furotin, duk jiki babu furotin da ya kai shi girma, amma ido ba ya ganinsa. Shi ke riƙe tsoka kada ta wargaje, in ta miƙe ya dawo da ita.

“Sunansa titin,” in ji ta.

“Titin ina, likita?” Yaya ya tambaya yana haki. Har ita sai da ta dara.

Sannan ta ce nasa a gajarce ya zo tun haihuwa, shi ya sa zuciyarsa, wadda ita ma tsoka ce, ta saki, kuma ana gadon abin. Na zaci zai tambayi ko zai warke. Sai ya nuna ni.

“To, fara duba wannan.”

Muna da ƙanwa da ke aure a Hunkuyi, tana da tsohon ciki. Da aka ce ita ma ta zo a duba ta, mijinta ya ce lafiyarta lau, ina dalilin wahala? Yaya, da ko sunkuyawa ba ya iyawa, ya sa na kai shi har ƙofar gidan. Ya zauna a zaure ya ce, “Malam, ba zan tashi ba sai da ita.”

Haka mijin ya haƙura muka kai ta asibiti. Tawa zuciyar lafiya aka same ta. Tata kuwa ta fara saki. Aka sa mata ido har ta sauka lafiya, yau ’yarta na sakandare. Yaya ya ƙara ’yan shekaru yana shan magani, sannan Allah ya karɓi abinsa.

A ranar nan ta asibiti na ga ikon Allah a zaren da ba a gani, na kuma koyi cewa babba shi ne wanda ake gaya wa ciwonsa, ya fara tuna na bayansa.