Ranar da na ba da aron uwata

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na ba da aron uwata.

Ina aji uku a firamare lokacin, a Suleja. Umma awara take soyawa a ƙofar gida, kullum tana ƙaurin hayaƙi. Ƙawata kuwa, 'yar gidan da ke kallon namu, iyayenta duka a Abuja suke aiki, ga mota, ga firji, ga talabijin sai ita kaɗai. Abin yana tsone min ido. Wata rana muna hutun makaranta na ce mu yi musayar uwa zuwa magariba. Ban rufe baki ba ta ce ta yarda. Da ina da wayo, da saurin nan ya sa ni tunani.

Na shige gidansu ina taƙama, ashe uwar da na karɓa ta bi hanyar Zuma zuwa Abuja tun asuba. Mai aiki kawai na tarar, kunnenta manne da waya. Na sha lemo, na kalli katun har ya gundure ni. Ina gatsa tuffa sai haƙorina mai girgiɗi ya fita.

"Anti, haƙorina!"

"Abeg je ki kuskure baki, kar ki ɓata musu kujera."

A gidanmu faɗuwar haƙori biki ne. Umma ke raka ni mu jefa shi kan kwanon rufi, ta ce in rufe baki kar ƙadangare ya ga wawulon, sabon ya ƙi fitowa. Na damƙe abina na ruga gida, hannu a baki.

Me zan gani? Ƙawata kwance a cinyar Umma ana mata kitso, bakinta duk mai, ana ce mata 'yar lele. Sunana!

"Tashi, na fasa!"

"Ai magariba ba ta yi ba," ta ce, ta ƙanƙame zanin Umma.

Umma ta yi dariya har da hawaye, ta ba kowa cinya ɗaya. Da muka fita jifan haƙorin, ƙawata ta ce a hankali, "Ni nawa a shara aka zuba. Mami sai ran Asabar ta lura." Nan take tausayinta ya kama ni.

Iyayenta suna sonta, neman na kai ne ya cinye musu rana. Yau ni ma motar Abuja nake bi tun asuba, kuma na san yaro ba ya maƙale wa wanda ya fi kashe masa kuɗi, sai wanda ke kusa ranar da haƙorinsa ya faɗi. Shi ya sa ba na fita sai na ce wa ɗana, "Buɗe baki in gani."